NANA ASMA'U 'YAR SHEHU DA MATAN ƘAUYUKAN SAKKWATO

Idan ana koyar da tarihin jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a makarantu, galibi sunayen maza ne ke cika allo. Za a ambaci Shehu da ƙanensa Malam Abdullahi, da ɗansa Muhammadu Bello, da Sarkin Yaƙi Aliyu Jedo, sa'an nan a jero masu tutocin da suka watsu ƙasashe. Ɗalibi yakan haddace shekarun yaƙe-yaƙe saboda jarrabawa, ya san wanda ya ci da wanda aka ci. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne, bayan da ƙura ta lafa aka mai da takubba kube, wa ya ɗauki nauyin karantar da ɗimbin matan da ke zaune a ƙauyuka da rugage, waɗanda ba su jin Larabci, ba su kuma da halin barin daka da girki su je su durƙusa gaban malami.

Wadda ta ɗauki wannan nauyi ita ce Nana Asma'u, 'yar Shehu, matar Waziri Giɗaɗo, wadda ake yi wa laƙabi da Uwar Gari. Ta rayu kimanin shekara 71, ta bar rubuce-rubuce fiye da 60 cikin Larabci da Fulatanci da Hausa. Amma wanda ke son ya gane abin da ya sa 'yar babban gida irin wannan, wadda ke cikin kulle a tsakiyar birnin Sarkin Musulmi, ta mai da hankalinta ga matan karkara, to sai ya bi sawun wuraren da ta zauna tun daga ranar haihuwa.

DEGEL, ƘAUYEN MALAMAI

An haifi Nana Asma'u a Degel cikin 1793. Degel ƙauye ne a ƙasar Gobir ta wancan zamani, arewa da inda Sakkwato take a yau, cikin yankin Gwadabawa. Ba shi da fada, ba shi da sarki mai tambari. Mazaunansa Fulani Toronkawa ne, waɗanda suka daɗe da barin yawon kiwo suka rungumi littafi, ko da yake 'yan'uwansu makiyaya da Hausawa manoma na kewaye da su. Abin da ya ɗaukaka sunan ƙauyen shi ne karatun Shehu, wanda ya sa almajirai ke zuwa daga nesa suna kafa bukkokinsu kusa da gidansa. Shi kuwa Shehu bai tara dukiya ba. An ruwaito cewa igiya yake tufkawa da hannunsa don neman abin masarufi.

Tagwaye aka haife su, ita da ɗan'uwanta Hasan. Bisa al'ada da Hasana ko Husaina za a kira ta, amma Shehu ya raɗa mata sunan Asma'u 'yar Sayyidina Abubakar, wadda ta riƙa kai wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da mahaifinta abinci a kogo lokacin hijira. Mahaifiyarta Maimuna ta rasu tun tana ƙanƙanuwa, saboda haka sauran matan Shehu ne suka rene ta, musamman A'ishatu da Hauwa'u mahaifiyar Muhammadu Bello. A nan ne shaƙuwarta da Bello ta samo asali. Ya girme ta da kamar shekara 12, amma har ya koma ga Allah ba ta da abokin shawara irinsa, kuma babu mutumin da ta yi wa waƙoƙin bege da alhini kamar shi.

A gidan Shehu karatun mace ba baƙon abu ba ne. Mahaifiyarsa Hauwa'u da kakarsa Ruƙayya duk masu ilmi ne. Yayar Asma'u, watau Hadiza, malama ce ta sosai. Tun kafin a haifi Asma'u wani malami daga Barno mai suna Mustafa Gwani ya soki Shehu a kan barin mata suna halartar wa'azinsa, Malam Abdullahi ya mayar masa da amsa cikin waƙar Larabci, ya nuna masa cewa barin mata cikin jahilci ya fi abin da yake gudu muni. Shehu da kansa, a littafinsa Nurul Albabi, ya yi kakkausan zargi ga malaman da ke karantar da almajiran waje don neman suna, su bar matansu da 'ya'yansu mata ba su san ko hukuncin alwala ba. Cikin irin wannan gida Asma'u ta ɗauki allo. Ta haddace Alƙur'ani, ta shiga fiƙihu da tauhidi da nahawu, ta kuma tashi bisa tarbiyyar ɗariƙar Ƙadiriyya. Fulatanci ne harshen ɗaki, Larabci na littafi, Hausa na maƙwabta da kasuwa, ta kuma ji harshen Buzaye da ke yawan sauka wurin Shehu.

SHEKARUN GUDUN HIJIRA

Wannan zama na lumana bai ɗore ba. Sarkin Gobir Nafata ya kafa doka ta hana wa'azi ga kowa in ban da Shehu, ya hana maza naɗa rawani, mata lulluɓi. Da ɗansa Yunfa ya hau, al'amari ya ƙara tsanani, musamman bayan harin da aka kai wa jama'ar Abdussalami a Gimbana. A watan Fabrairu na 1804 Shehu da jama'arsa suka tashi daga Degel suka nufi Gudu, tafiyar kamar mil 30, can bakin iyakar Gobir. Aka ɗora littattafai bisa raƙuma da taimakon wani malamin Buzaye mai suna Agali. Asma'u na da shekara 11 ke nan. Ba ta sake zaman Degel ba.

A Gudu aka yi wa Shehu mubaya'a, a watan Yuni kuma jama'a suka yi nasara a Tafkin Kwatto. Littattafan makaranta sukan tsaya a kan wannan nasara su yi ta bayani, su wuce abin da ya biyo baya da sauri, alhali kuwa abin da ya biyo bayan shi ne ya fi shafar mata da yara. Jama'a ba su da rumbu, ba su da gona, duk inda mayaƙa suka nufa tilas iyali su bi su, don babu wurin da za a bar su cikin aminci. A ƙarshen wannan shekara aka yi musu mummunar ɓarna a Tsuntsuwa, kusa da Alƙalawa, inda aka rasa mutum wajen 2,000, cikinsu har da mahaddata Alƙur'ani kamar 200. Daga nan aka gangara Sabon Gari a ƙasar Zamfara cikin 1805, ga yunwa ga cuta, sa'an nan aka wuce Gwandu. Ko a Gwandun ma hankali bai kwanta ba, gama bayan karon Alwasa abokan gaba sun iso har bakin garin kafin a kore su.

Yarinyar da ta ga waɗannan abubuwa tsakanin shekara 11 da 15 ta san tafiyar ƙasa, ta san kwana da yunwa, ta ga yadda mace ke wayi gari ba miji ba ɗa. Bayan shekara 30 da 'yan kai ta tsara labarin wannan yawo cikin waƙar Fulatanci, zango bayan zango, ƙanenta Isa ya juya ta zuwa Hausa, ita ce aka sani da Waƙar Gewaye. Masu binciken tarihin jihadi suna jingina da ita har yanzu, domin shaidar wadda ta taka hanyar da ƙafarta ce.

A Gwandu aka ɗaura mata aure cikin 1807 da Usmanu Giɗaɗo ɗan Laima, babban aminin Bello. Alƙalawa ta faɗi cikin 1808, Bello ya soma ginin Sakkwato cikin 1809, Shehu ya zauna Sifawa na 'yan shekaru kafin ya ƙaura Sakkwato cikin 1815, inda ya rasu a watan Afrilu na 1817. Bello ya zama Sarkin Musulmi, Giɗaɗo ya zama Wazirinsa.

ƊAKINTA A GIƊAƊAWA

Gidan Waziri a Sakkwato, a unguwar da ake kira Giɗaɗawa, shi ne ofishin daular. Ta hannun Waziri wasiƙun sarakunan gabas ke shiga su fita, a wurinsa manyan baƙi ke sauka. Baturen Birtaniya Kyaftin Clapperton ma, da ya iso Sakkwato cikin 1824, Giɗaɗo ne ya karɓi baƙuncinsa. A can cikin wannan gida Asma'u take da ɗakinta, inda take renon 'ya'yanta maza, take karantar da matan gida da na unguwa, take kuma rubutu.

Aikin farko mai nauyi da ya hau kanta shi ne tattara rubuce-rubucen Shehu. Mai karatu ya tuna cewa littafin wancan zamani warwarori ne ba ɗinki, ana sa su cikin gafaka, kuma waɗannan littattafai sun sha hawa da sauka bisa raƙumi shekara da shekaru. Takarda kuwa sai an ƙetaro hamada da ita. Ana bukatar wanda ya san harsunan da Shehu ya yi rubutu da su, ya kuma san abin da ke ciki har zai iya gane inda warƙar da ta ɓace ta dace. Zuriyar gidan Waziri sun riƙe cewa Asma'u ce ta tsaya a kan wannan aiki.

Littafinta na farko da ke ɗauke da shekara shi ne Tanbihul Gafilina, na Larabci, cikin 1820, tana da shekara 27. Abin lura shi ne, rubuce-rubucenta na shekarun farko kusan duk da Larabci ne ko Fulatanci, watau don malamai da dangi. Sunanta ya kai nesa ta wannan fuska, har wani malami daga Shingiɗi, a ƙasar Muritaniya ta yau, ya yi musayar baitocin Larabci da ita. Da a nan ta tsaya, da ta shiga jerin malaman gidan Shehu masu yawa, a ambace ta a wuce.

Cikin 1831 sai ta ɗauko wata waƙar Fulatanci da Shehu ya yi, ta juya ta zuwa Hausa. Ita ce Tabbat Haƙiƙa, wadda daga baya Isa ya yi wa tahamisi. Waƙar gargaɗi ce ga masu riƙe da al'amuran jama'a, da mai mulkin da ke cin talakawa, da alƙalin da ke karkata shari'a, da mai ƙwace gonar wani, da mai algus a kasuwa. Muddin tana cikin Fulatanci, masu mulki ne kaɗai da danginsu ke jin ta. Da ta koma Hausa sai talakan da ake zalunta shi ma ya ji abin da Shehu ya faɗa game da mai zaluntarsa. Duk ma'aikacin da ya taɓa ganin bambancin dokar da ke kulle cikin fayil da wadda aka karanta wa jama'a a bakin kasuwa zai gane girman abin da ta yi.

WURNO DA MUTANEN DA YAƘI YA TARO

Sarkin Musulmi Bello bai amince da zaman birni ba. Ya ga cewa Gobirawa da Kabawa da Buzaye ba su daina kawo hari ba, ya kuma ga jama'arsa sun fara sakin jiki da jin daɗi. Saboda haka ya kakkafa garuruwan ribaɗi a bakin iyaka, ya zaunar da makiyaya a cikinsu, ya umurce su da noma da sana'a da kiwon dawaki, ya sa musu limamai da alƙalai da malamai. Shi da kansa ya gina Wurno a kwarin gulbin Rima, mil 20 da 'yan kai arewa maso gabas da Sakkwato, ya tare can. Inda Sarkin Musulmi yake, nan Waziri yake, don haka Wurno ta zama gida na biyu ga Asma'u, ta riƙa zama tsakaninta da Sakkwato har ƙarshen rayuwarta.

A Wurno ta sake komawa cikin manoma, masu aikin fadama da masu kiwo, irin mutanen da ta buɗe ido ta gani a Degel. Sai dai akwai bambanci babba. Mutanen Degel don kansu suka zo neman ilmi. Da yawa daga mutanen da suka cika ribaɗoɗi da ƙauyukan da ke kewaye da su kuwa yaƙi ne ya kawo su. Ba daidai ba ne a lulluɓe wannan magana. An kamo mata masu ɗimbin yawa daga ƙasashen da aka ci, wasu suka zama ƙwaraƙwarai a manyan gidaje, wasu aka kai su gandaye. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836, inda Bello ya karya haɗin gwiwar Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Buzaye, adadinsu ya daɗa ƙaruwa. Hausa suke ji, an raba su da garuruwansu da danginsu, kuma su ne za su reni 'ya'yan da za su gaji daular.

Abin da waɗannan mata suka sani na neman sauƙi idan ciwo ya zo, ko haihuwa ta yi gardama, ko ruwan sama ya ɗauke, shi ne bori. A tsarin sarautar Gobir akwai Inna, mace daga gidan sarauta, wadda ke shugabancin mata da 'yan bori, ana jin maganarta ƙwarai. Jihadi ya rushe wannan tsari a ƙasar da ya ci, bai kuwa kafa wani abu a gurbinsa ba. Malamai na iya hawa mumbari su la'anci bori, amma muryarsu ba ta shiga bayan danga inda mace ke naƙuda.

Bello ya rubuta wani littafin nasiha a kan salihan mata na tarihin Musulunci, ya miƙa wa ƙanwarsa. Ta mai da shi waƙa da Fulatanci cikin 1836, da Hausa cikin 1837, mai suna Tawassuli Ga Mata Masu Albarka. Ta jero mata fiye da 30, tun daga matan Annabi da 'ya'yansa, da irin su Rabi'atul Adawiyya, sa'an nan ta ƙara da matan jama'ar Shehu waɗanda ita da kanta ta sani. A shekarar 1837 ɗin nan Bello ya rasu a Wurno, a can kabarinsa yake.

'YAN TARU

Waƙa dai ta samu, saura wanda zai kai ta ƙauye. Asma'u ba za ta iya fita rangadi ba, matan aure na ƙauye su ma ba za su iya barin gidajensu su yi tafiyar kwana da kwanaki ba. Dabarar da ta ɓullo da ita, wajen ƙarshen shekarun 1830, ita ce ta duba waɗanda al'ada da shari'a ba su hana su tafiya ba, watau dattijan mata da suka wuce haihuwa, da 'yan mata ƙanana da ba su isa aure ba. A cikin dattijan kowane yanki takan zaɓi mace guda mai hankali da riƙon amana, wadda mutanen garinsu ke ganin girmanta, ta naɗa ta jaji. Kalmar jaji a da jagoran ayari ake nufi da ita. Matan da ke bin jaji kuwa su ne 'yan taru.

Naɗin yana da alama. Asma'u takan ba jaji malfa, ta naɗa mata jan ƙyalle a kai. Malfa kuwa tana cikin kayan girman Innar Gobir. Ke nan abin da matan ƙasar suka saba gani a kan shugabar bori, yanzu ga shi a kan malamar da ke koya musu salla. Ba ta ce a ƙone malfa ba, ba ta ce haramun ce ba. Ta karɓe ta, ta sauya mata ma'ana, ta kuma rarraba ta ga tsofaffin ƙauye da yawa, har ta daina zama ta mutum guda. Mai neman misalin hikima a sha'anin jan hankalin jama'a da wuya ya sami wanda ya fi wannan.

Idan kaka ta wuce aka gama kai amfanin gona gida, sai jaji ta tara ayarinta su kamo hanya a ƙasa zuwa wurin Uwar Gari. Sukan zo da sadakar da matan da ba su samu zuwa ba suka bayar, hatsi, da zuma, da man shanu, da zane. Asma'u ba ta ajiye waɗannan kaya, takan rarraba su ga makafi da guragu da sauran gajiyayyu. Sa'an nan a zauna karatu. Takan saurari matsalolin da suka zo da su daga garuruwansu, ta ba da hukunci ko shawara, ta biya musu waƙa har ta zauna musu. Idan sun koma gida, jaji da 'yan matanta su ne ke shiga gida gida suna biya wa matan aure abin da suka ɗauko. Yarinyar da ta bi ayari tana 'yar shekara 10, idan ta yi aure ta shiga ɗaki da karatunta, idan ta tsufa kuma tana iya komawa hanya, wataƙila ma ita ce jaji ta gaba.

Waƙoƙin su ne manhajar makarantar, kuma wanda ya jera su zai ga an tsara su ne bisa bukatar mai koyo. Akwai wadda ta ƙunshi sunayen surorin Alƙur'ani 114 cikin baiti 30 kacal, ta yi ta da Fulatanci tun da fari, ta mai da ita Hausa cikin 1838. Akwai Begore, mai baiti fiye da 300, a kan rayuwar Annabi. Akwai Godaben Gaskiya da Sharuɗɗan Ƙiyama, masu bayanin farillai da sakamakon lahira. A wata waƙar wa'azi ta 1856 ta gargaɗi mata a kan yawon banza, amma a nan take ta bayyana cewa fita neman ilmi halal ce gare su. Wannan izni daga bakin 'yar Shehu ba ƙaramin makami ba ne a hannun tsohuwar da za ta je ta roƙi mai gida ya bar 'yarsa ta bi ayari.

Ba ta kuma manta da abin da ke kai mata ga bori ba. Cikin 1839 ta rubuta Tabshirul Ikhwani da Larabci, inda ta tattara surori da addu'o'in da aka ruwaito don neman sauƙin ciwo, da haihuwa, da tsoro, da talauci, domin masu ilmi su yi wa jama'a amfani da su. Da fari ya addabi ƙasa, ta tsara Roƙon Ruwa da Hausa. Mai zaman birni yana iya ɗaukar wannan ƙaramin abu ne. Wadda ta zauna cikin manoma ta san cewa ranar da gero ya fara bushewa a gona, ranar ce imanin mutane ke rawa.

Kada a ɗauka makaranta ce irin ta yau. Karatun na baki ne, haddacewa ake yi, kuma abin da ake koyarwa addini ne da tarbiyya da zaman tare. Duk da haka ya kamata masu tsara ilmin manya su dube ta da kyau. Matsalar da ta fuskanta ita ce wadda Yaƙi da Jahilci ya tarar a Jihar Arewa cikin shekarun 1950, ita ce kuma shirin ba da ilmin firamare kyauta na 1976 da hukumar ilmin makiyaya ta 1989 suka yi ta fama da ita, watau yadda za a kai karatu ga mace a ƙauyen da ba hanya, ta hannun wanda mijinta da uwarta za su yarda da shi. Asma'u ba ta gina aji ko ɗaya ba, ba ta biya kowa albashi ba. Malamarta 'yar garin ce, ba za ta nemi a yi mata canjin wurin aiki zuwa birni ba.

WAƊANDA TA YI WA MARSIYA

Asma'u ta yi waƙoƙin alhini da yawa, ta yi wa baffanta Abdullahi, da Bello, da mijinta Giɗaɗo, da aminiyarta A'ishatu matar Bello. Wannan ba abin mamaki ba ne, manya ne. Abin da ya bambanta ta da sauran mawallafan zamaninta shi ne waɗanda ta sa cikin wannan jeri. Cikin 1844 ta yi wa maƙwabciyarta Halima marsiya da Hausa, macen da ba ta da sarauta ba ta da littafi, sai kirki da sulhunta dangi. Ta yi wa Zaharatu, wadda ke zama wurin mata masu naƙuda, take wankan gawa, take koyar da masu ƙaramin sani. Ta kuma yi wa Hauwa'u, wata jaji da ta yi shekaru tana jagorancin ayarin mata zuwa wurinta. Ba don waɗannan baitoci ba, da babu wanda zai san an yi waɗannan mata a duniya.

Idonta bai bar kan masu mulkin karkara ba. Da aka tuɓe Ɗan Yalli daga sarautar Yabo saboda rashin kyakkyawan riƙo, ta yi waƙa ta nuna goyon bayanta ga tuɓewar a fili. Waƙar da ta yi a kan halayen Bello bayan rasuwarsa ma, inda ta yi ta nanata gudun duniyarsa da tsayuwarsa kan gaskiya, masana da dama na ganin madubi ce ta ajiye wa waɗanda suka gaje shi.

A zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, wanda ya yi mulki daga 1842 zuwa 1859 ya kuma zauna a Wurno, ɗanta Abdulƙadir ne Waziri. Ta ga zamanin Sarakunan Musulmi huɗu bayan Shehu, ba ta ajiye alƙalami ba sai dab da ƙarshe. Ta rasu cikin 1864, aka yi mata sutura a Hubbare kusa da mahaifinta. Allah ya jiƙanta da rahama.

Ayarin bai tsaya ba. Ƙanwarta Maryamu ta karɓi jagorancin 'yan taru, bayanta kuma Ta Modi ta ɗora. Turawa suka ci Sakkwato cikin 1903, suka shirya mulkinsu da sarakuna da alƙalai, matan ƙauye kuwa suka ci gaba da zuwa da malfarsu ba tare da sabuwar hukuma ta kula da su ba.

Takardun Asma'u sun tsira ne a gidan da ta yi aure. Wazirin Sakkwato Alhaji Junaidu, wanda ya rasu cikin 1997, jikan ɗanta Ahmadu ne, kuma shi ya buɗe wa wata malama 'yar Ingila, Jean Boyd, gafakokin da ke ɗauke da rubutun kakarsa cikin shekarun 1970. Malamar ta fitar da tarihin Asma'u cikin 1989, sa'an nan cikin 1997 ita da Beverly Mack ta Amurka suka buga tarin ayyukanta tare da fassara. Lokacin da take wannan bincike ta bi ƙauyukan da ke kewaye da Sakkwato da Wurno, ta tarar da tsofaffin da ke riƙe da muƙamin jaji, suna rera waƙoƙin da ka, shekara fiye da 100 bayan rasuwar mai su.